Ni Shuɗi Na Sani, Ita Kore Take Tunawa

Malama mai wannan fili, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙata. Da furfurata na koyi riƙe alƙalami a ajin manya na yamma, shi ya sa idan na fara rubutu ba na sanin wurin tsayawa.

Bari in fara da abin daɗi, don ba zan iya riƙe shi ba. Na yi jika! Namiji ne, ƙato, an ce kunnuwana ya ɗebo, Allah sarki yaro. 'Yata ɗaya ce a duniya, Tilo muke ce mata. Ta daɗe da aure ba haihuwa, har muka daina tambaya muka koma addu'a a ɓoye. Ranar da mijinta ya bugo waya ina tsaye a shago riƙe da guduma, ban san lokacin da na sake ta ba, da ƙyar ta kuskure ƙafata. Tun ranar duk wanda ya gaishe ni a hanya sai ya ga hoton yaron, ko yana so ko ba ya so. Mai gawayin bakin layinmu ya gani har ya haddace, yanzu idan ya hango ni sai ya shige bayan buhuna. A wani gari mai nisa suke zaune, ƙarshen wata mai zuwa za su zo mana, kuma Tilo ta ce kada in yarda wani ya ɗauko su daga tasha. Ni take so, kuma a cikin Yaya.

Yaya mota ce. Ta riga Tilo shigowa gidanmu da 'yan watanni, shi ya sa da yarinyar ta fara magana uwarta ta koya mata cewa wannan yayarta ce, sunan kuwa ya bi ta har yau. Ni kafinta ne, ƙofofi da tagogi nake yi. A hannun wani tsohon ma'aikacin asibiti na saye ta, ta hannu ce, amma ranar da na shigo da ita layinmu sai da yara suka raka ta da gudu har ƙofar gida. A cikinta na kai mai ɗakina asibiti tana naƙuda, a cikinta na dawo da su su biyu, ina tafiya a hankali kamar na ɗauko ƙwai, masu keke suna wuce ni suna dariya. Ta ɗauki katako a samanta, ta ɗauki buhunan hatsi, ta ɗauki marasa lafiyar unguwa. Idan ta ƙi tashi da safe, mai ɗakina ce ke ɗaure zani ta tura, tana turawa tana faɗa, ni ina ciki ina roƙon motar da sunanta. Ba mu da komai a lokacin, amma ban san wasu shekaru da suka fi waɗannan daɗi ba.

Da aikin katako ya yi sanyi wasu shekaru, sai na mayar da ita ta haya. Dole aka yi mata ruwan ɗorawa irin na motocin haya, kuma wanda ya yi aikin bai san tausayi ba, har cikin ƙofofi ya feshe, bai bar ko gefen gilashi ba. Da na bar haya wani abokina ya shafe ta da fari don a rufe wancan. Daga baya tsufa ya kama mu ni da ita, na ajiye ta a rumfar tsakar gida, kaji suka mayar da but ɗinta na baya, inda ake sa kaya, wurin ƙwai. Yanzu saboda zuwan wannan yaro an tayar da inji, an sa tayoyi, an ɗinke kujeru. Fenti kaɗai ya rage, kuma raina ya tsaya a kan abu ɗaya: a mayar da ita launin da kamfani ya fito da ita, yadda take ranar da ta ɗauko Tilo, don ta ɗauko ɗan Tilo a haka.

Na kai ta garejin wani mai fenti da ake kira Dogo. Ya ce min akwai ɗan ƙarfe da kamfani ke liƙawa a ƙarƙashin bonet, a jikinsa ake samun lambar fenti. Muka duba, babu shi. Tsatsa ta taɓa cinye wurin, mai gyaran jikin mota ya yanke ya sa wani ƙarfen tun zamanin haya. Sai Dogo ya ce to mu nemi inda rana ba ta taɓa gani ba, kuma bindigar feshi ba ta taɓa kaiwa ba. Ya ɗaga kujerar baya, ya ɓare ledar ƙasa, ya ciro safayar taya, ya zare robar bakin but. Ya goge wurin da tsumma da ɗan folish. Malama, sai ga shi. Shuɗi mai ɗan duhu, irin na sabuwar rigar makaranta kafin ta ga wanki. Na durƙusa ina kallon wuri kamar faɗin tafin hannu, hawaye na zuba, ina jin kamar na haɗu da abokin ƙuruciya a kasuwa.

Na koma gida da murna na gaya wa mai ɗakina. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce wane irin shuɗi, ai Yaya koriya ce, kore irin na ganyen mangwaro da ya ƙosa. Da farko wasa muka ɗauke shi. Ta ce idona ya riga kaina tsufa, na ce ita da ba ta taɓa wanke motar ba ina za ta san launinta, ta ce wanda ke turawa ai ya fi wanda ke zaune a ciki ganin jikin mota. Kashegari ta ɗauki mayafinta ta ce in kai ta garejin, matar da ba ta taɓa taka gareji ba a rayuwarta.

Da muka isa ba ta yi dube-dube ba. Ta wuce kai tsaye ƙofar gaba ta ɓangarenta, ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin gilashi ta ciki, inda take ɗora gwiwar hannunta idan muna tafiya, ta ce wa Dogo ya kankare nan. Ya sa sanfefa. Fari ya fita, ruwan ɗorawa ya fita, sai ga kore. Kore sosai, ba mai gardama ba. Kallona kawai ta yi, irin kallon da na sani sama da shekara arba'in.

Dogo ya ruɗe. Ya zagaya ƙofata ya kankare daidai wurin, shuɗi. Ya kankare ƙofofin baya, shuɗi. Ya dawo ƙofarta ya kankare ta waje, sai ga shuɗi a sama, kore a ƙarƙashinsa. Da ya duba hinjin ƙofar, ni ma da nake kafinta na gani da idona: an faɗaɗa ramuka, kusoshin ba 'yan gida ɗaya ba ne da sauran. Ashe tun kafin in saye ta ƙofar ta taɓa lalacewa, aka ciro wata daga wata mota koriya, aka feshe bayanta da shuɗi don ta dace, aka bar cikinta yadda yake. Ni kuwa wallahi ban taɓa lura ba. Idona na kan hanya, idan na juya ɓangarenta fuskarta nake kallo, ba ƙofa ba.

A nan ne abin ya ɓaci. Dogo yaron kirki ne amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ya bushe da dariya ya ce ashe ƙofar Mama baƙuwa ce a gidan, Mama ta haɗa mota biyu a kanta, tsufa ne ba komai ba. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta gyara mayafi ta fita ta tsaya a bakin titi tana jirana.

Abin da Dogo bai sani ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke, shi ne tun bara mai ɗakina take mantuwa. Ta bar tukunya a wuta har ta ƙone, ta sa makullin gida a firij, wata rana ta kira maƙwabciyarmu da sunan uwar maƙwabciyar wadda ta daɗe da rasuwa. Ta san tana yi, kuma tana jin tsoro, don mahaifiyarta haka ta ƙare, ba ta gane 'ya'yanta. Abin da take riƙe kanta da shi shi ne cewa na yau ne ke kuɓuce mata, amma na da suna nan daram, ba wanda zai ja da ita a kansu. Kuma gaskiya ne, ita ce ke tuna min sunayen mutanen da muka zauna da su a gidan haya. Yanzu ga mai fenti ya yi mata dariya a kan na da ɗin.

Tun ranar ba ta ƙara yi min wasa a kan motar ba. Wani lokaci ta ce ni da Dogo mun haɗa baki ne, ita ta tuna sarai duk motar koriya ce ranar da muka dawo da Tilo. Shekaranjiya da la'asar tana tsince shinkafa a tsakar gida, ba ta ɗago kai ba, ta tambaye ni idan da gaske motar shuɗiya ce, to me da me kuma take tunawa ba daidai ba, kuma ko wannan yaron da muka daɗe muna jira zai zo ta kasa riƙe sunansa. Sai na tashi na hau gyaran kujerar da ba ta lalace ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ni shuɗin nake so. Shi ne gaskiya, shi na yi shekaru ina gani idan na rufe ido. Idan aka yi mata kore, duk lokacin da na dube ta zan ga motar wani ce aka ajiye min a tsakar gida. Na tambayi Tilo a waya, ta ce ita ruwan ɗorawa kawai take tunawa, kowanne aka yi daidai ne, ta dai ga Yaya a tasha. Ba ta san halin da uwarta ke ciki ba, na ƙi gaya mata don kada in ɓata mata farin cikin goyonta.

Dogo na jirana, ya ce idan ba a fara da wuri ba fentin ba zai bushe ya zauna kafin su iso ba. Zuciya ɗaya na ce min in sa a yi kore, in koma gida in ce mata mun ƙara dubawa ita ce da gaskiya, ni ne na ruɗe. Zuciya ɗaya kuma na ce min ban taɓa yi wa matar nan ƙarya a kan abu mai muhimmanci ba, ba zan fara da tsufa ba. Wanne zan yi, Malama? Ina so ranar nan ta zo mu je tasha mu biyu muna dariya, ba ɗaya na murna ɗaya na kallon gefe ba.

Kakan Sabon Baƙo


Baba, barka da arziki. Allah ya raya yaro, ya sa albarka a kunnuwan nan da ya gada. Na karanta wasiƙarka har ƙarshe ban gaji ba.

Abu na farko, kuma ina mamakin yadda ku maza biyu kuka tsaya a garejin nan ba wanda ya gan shi: Mama ba ta yi kuskure ba. Mace ta shigo wurin da ba ta taɓa zuwa ba, ta ɗora yatsa a kan farin ƙarfe, ta ce a ƙarƙashin nan akwai kore, bayan fenti biyu sun rufe shi shekaru masu yawa, kuma aka tona aka samu. Wannan ba aikin ƙwaƙwalwar da ta gaza ba ne. Kai mai motar ba ka san da koren ba, Dogo mai sana'ar bai san da shi ba, ita kaɗai ta sani. Ranar da ya kamata a jinjina mata sai aka yi mata dariya. Da Yaya ta ɗauko ku daga asibiti tana zaune ne da jaririya a cinya, abin da ke kusa da idonta shi ne ƙarfen ƙofarta. Ba abin mamaki ba ne idan launinsa ya cika mata duk motar.

Kai ma kana da gaskiyarka. Jikin motar shuɗi ne, kuma son da kake yi wa shuɗin ba son kai ba ne, ƙuruciyarka ce da ta iyalinka a cikinsa. Saboda haka ban goyi bayan ka yi kore sannan ka ce mata kai ne ka ruɗe ba. Matar da ta gano koren nan za ta gano ƙaryarka, ko ta wani tsohon hoto da zai ɓullo daga akwatin wani, ko ta bakin Dogo da ka ce ba ya riƙe magana. Ranar da ta gane, abin da za ta fahimta shi ne ka fara lallaɓa ta kamar marar lafiya, kuma wannan shi ne ainihin abin da take tsoro. Haka nan ban goyi bayan ka yi gaggawar feshe shuɗi ka kawo mata gida a matsayin hujja ba.

Shawarata a mayar da Yaya yadda take ranar da ka saye ta, ba yadda ta fito daga kamfani ba. Waje da sauran ciki shuɗi, cikin ƙofar Mama kore. Motar da kuka rayu a cikinta ke nan. Wadda ta fito daga kamfani shuɗiya fes, ku biyun ba wanda ya taɓa shigarta.

Game da haɗa launin, na tambayi wani mai fenti da na yarda da aikinsa. Ya ce kada a dogara da wuri ɗaya. A goge wurare biyu ko uku a jikin motar kanta, ba a ƙofa ko bonet da ake iya kwancewa ba, a kwatanta su. Idan akwai shagon fenti mai tsofaffin katunan launi na irin motarka, ko na'urar auna launi, a fara da su, amma ido ne zai yanke hukunci. Dogo ya haɗa kaɗan, ya fesa a kan gutsattsarin kwano, a bar su su bushe sarai, don ɗanyen fenti da busasshe ba kamanninsu ɗaya ba. A fito da su waje da rana, a ɗora su kusa da tsohon shuɗin, a duba a haske a duba a inuwa, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarkin gareji ba. Idan an dace, a ajiye ragowa a gwangwani don gyaran gaba. Koren kuwa, a bi shi da sanfefa mai laushi a hankali. Idan ya fito lafiya a goge shi a bar shi, shi ne na asali. Idan bai fitu ba a haɗa irinsa, kuma Mama ce za ta zaɓa, ba kai ba, ba Dogo ba. Kafin nan Dogo ya ba ta haƙuri, uwa ce a wurinsa.

Maganar mantuwa kuma kada ka jingina ta da motar. Koren da ta tuna bai goge tukunyar da ta ƙone ba. Ku je wurin likita, ku biyu, ka ce kai ma a duba ka don kada ta ji ita kaɗai aka kai. Mantuwa na da dalilai da yawa, wasu ana maganinsu, kuma ko da wanda ake tsoro ne, sanin sa da wuri ya fi. Tilo ma ka gaya mata. Yanzu ita ma uwa ce, za ta iya ɗauka, kuma za ta fi jin zafi idan ta zo ta gani da idonta ta gane an ɓoye mata.

Idan Dogo ya gama fito da koren, ka koma da Mama garejin. Kafin ka buɗe baki, ka zagaya ka shiga kujerarta, wadda nake zaton ba ka taɓa zama a kanta ba tunda kai ne direba. Ka ja ƙofar, ka ɗora gwiwar hannunka inda take ɗora nata, ka zauna har ka ga motar da ta yi shekaru tana gani. Daga nan, kana zaune a wurin, ka gaya mata ita ce ta riƙe abin da kai ka manta ko ba ka taɓa gani ba, sannan ka nemi izininta a kan shuɗin waje. Ina sa ran za ta ba ka. Idan kuwa ta dage sai kore, to ka bar mata, amma da gaskiya, ka ce ka san shuɗi ne, nata launin ka zaɓa. Mota ana sake mata fenti, Baba, kai shaida ne.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya bar ku tare, ya kawo baƙinku lafiya. Yaya kuma Allah ya sa ranar ta tashi bugu ɗaya.